Wa Ya Ce Komai Adireshi Ɗaya Gare Shi?

A tsakiyar watan Satumba na 2024, hukumar da ke sa ido kan koguna da madatsun ruwa ta Nijeriya, wato NIHSA, ta fitar da sanarwa cewa mahukuntan Kamaru za su fara sakin ruwa daga madatsar Lagdo. Sanarwar ta ambaci jihohi 11 da ta ce su zauna cikin shiri: Adamawa da Taraba da Binuwai da Nasarawa da Kogi da Edo da Delta da Anambra da Bayelsa da Kuros Riba da Ribas. Wanda ya ga abin da ya faru a 2012 da 2022 ya san ba irin takardar da ake karantawa a ajiye ba ce. A 2022 kaɗai ambaliya ta ci rayukan fiye da mutum 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu.

To, a ɗauka an miƙo maka wannan sanarwa, an ce ka soka mata allura a kan taswira domin mai neman gargaɗin ambaliya a kusa da gidansa ya same ta. Ina za ka soka? A Abuja aka rubuta ta. Daga Lagdo, kudu da Garwa a arewacin Kamaru, ruwan yake tasowa. Waɗanda abin ya shafa kuwa suna Yola da Numan da Ibi da Makurdi da Lakwaja da Anacha, har zuwa Yenagoa, wadda tsakaninta da Yola ya haura kilomita 800. Idan ka soka a Abuja, manomin da ke da shinkafa a fadamar Numan ba zai gan ta ba. Idan ka soka a Lagdo, ka fitar da ita daga Nijeriya ɗungurungum. Kowace amsa guda ɗaya ka bayar kuskure ce, domin tun farko a karkace aka yi tambayar.

Duk da haka, a kan wannan karkatacciyar tambaya ake gina ɗimbin manhajoji da shafukan intanet da muke neman aiki da asibiti da kaya da labarai a cikinsu. Kowane abu an ware masa gurbi ɗaya tak na wuri, ya dace ko bai dace ba. Matsayina a kan wannan a fili yake. Tilasta wa abu mai wurare da yawa ya zauna a ɗigo ɗaya hukunci ne a kan wanda za a gani da wanda zai ɓace, kuma galibi wanda ya yanke hukuncin bai ma san ya yanke ba. Uzurin da ake kawowa, cewa na'ura ce ba ta iyawa, ya daina zama gaskiya fiye da shekara goma da suka wuce. Abin da ya rage shi ne ganda, da rashin mai yin tambaya a ranar karɓar aiki.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don kada a yi mana rufa-ido da manyan kalmomi. A wurin injin bincike, duk abin da aka adana "takarda" ne: labarin jarida, tallar gurbin aiki, bayanin asibiti, gidan haya. Idan ana son a riƙa neman takardu ta hanyar wuri, sai a liƙa wa kowace lambobi biyu. Ta farko, latitud, tana faɗin nisan wuri arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu. Ta biyu, longitud, tana faɗin nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Greenwich a Landan, ya gangaro har ta Tema a Ghana. Birnin Kano yana wajen digiri 12.0 arewa da 8.5 gabas, Legas kuma wajen 6.5 arewa da 3.4 gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne. Lokacin da ka danna "kusa da ni", wayarka takan miƙa nata lambobin, injin ya zana da'ira, a ce ta kilomita 20 daga inda kake tsaye, ya riƙe takardun da ɗigonsu ya faɗa ciki, ya zubar da saura. Wannan shi ne tacewa. Bayanta sai jerawa, wato wanne zai zo sama, wanne zai koma ƙasa. Bambancin ba ƙarami ba ne. Abin da aka jera a ƙasa, mai haƙuri zai gangara ya same shi. Abin da aka tace aka zubar kuwa ya tafi ke nan, ko alamar ya taɓa wanzuwa ba za ka gani ba.

Idan takarda ta zo da wurare biyar alhali gurbin ɗaya ne, dole mai shigar da bayani ya zaɓa, kuma zaɓin da ya fi kawo kansa shi ne hedikwata. Nan ne abin ya fara shafarmu kai tsaye. Yawancin manyan bankunan Nijeriya da kamfanonin sadarwa a Legas hedikwatarsu take, hukumomin tarayya kuma a Abuja. Kamfanin da ke neman ma'aikata a Gusau da Dutse da Damaturu, idan aka liƙa wa tallarsa adireshin ofishin da ya fitar da ita, to a idon injin aikin Legas ne. Matashiyar da ta gama karatun akanta a Gusau ta tace sakamako da sunan jiharta, ta ga fayau, ta ajiye waya tana cewa babu aiki a Arewa. Shi kuma kamfanin ya duba alƙalumansa ya ga ba wanda ya nema daga Zamfara, ya yanke cewa babu ƙwararru a can. Kowa ya tafi da hujjarsa a hannu, kuma gurbi ɗayan nan ne ya haifi hujjojin biyu. Ba wanda zai kai ƙara, domin mutum ba ya ƙorafi a kan abin da bai san an ɓoye masa ba.

Mu 'yan jarida ya kamata mu riga kowa gane wannan. Tun a ajin farko na koyon aikin ake faɗa wa ɗalibi cewa sunan garin da ake sawa a goshin labari yana nuna inda wakili ya zauna ya aiko da rahoto ne. Labarin harin da aka kai wani ƙauye a Zamfara yakan fito da "Abuja" a goshinsa, saboda a can kakakin hukuma ya yi wa manema labarai bayani. Rumbun labaran da ya ɗauki wannan suna a matsayin wurin da abu ya faru zai nuna wa mai nazari na gobe cewa Abuja ce matattarar kowace masifa da kowace ni'ima, ƙauyukan da aka yi jana'iza a cikinsu kuwa ba abin da ya taɓa samunsu.

Akwai kuma masu ganin sun fi wayo, su ne masu lissafin matsakaici. Tunda wuraren da yawa ne, sai a tara lambobinsu a raba, a sami tsakiya, a ce an yi adalci. Mu gwada mu gani. Wani ɗan kasuwa yana da shago a Kano da wani a Legas. Tara 12.0 da 6.5 ka raba biyu, ka sami 9.25. Tara 8.5 da 3.4 ka raba biyu, ka sami 5.95. Nemi wannan ɗigo a taswira: yana jihar Neja, ɗan arewa da Bida. Yanzu mutumin Kano ba zai ga shagon ba, mutumin Legas ba zai gan shi ba, wanda kaɗai zai gan shi shi ne mazaunin Bida, inda ɗan kasuwar bai taɓa ajiye ko tsinke ba. Mai zaɓen hedikwata aƙalla ya gamsar da gari ɗaya. Mai matsakaici ya saɓa wa duka biyun, ya ƙara da yaudarar na uku, ga shi kuma da kwarjinin lissafi da ke sa a ji nauyin musa masa.

Kada a ɗauka wannan wasan lambobi ne na cikin aji. An yi irinsa a Amurka, kuma mutane ne suka ɗanɗana kuɗarsa. Wani kamfani mai suna MaxMind, a jihar Massachusetts, sana'arsa ita ce kintatar inda kwamfuta take daga lambar da take shiga intanet da ita. Sau da yawa iyakar abin da yake iya ganowa shi ne na'urar tana cikin Amurka, amma tsarinsa ɗigo yake buƙata. Sai a 2002 ya ɗauki wajen tsakiyar ƙasar, ya daidaita lambobin zuwa 38 arewa da 97 yamma don su zama cif-cif. Ɗigon ya faɗa a harabar wata gona kusa da ƙaramin garin Potwin a jihar Kansas. Lambobin intanet fiye da miliyan 600 aka jingina wa wannan gona. Shekara da shekaru mazauna gidan suna karɓar baƙin da ba su gayyata ba: jami'an FBI, masu karɓar haraji, motocin ɗaukar marasa lafiya, 'yan sanda masu neman yaran da suka gudu daga gida, da mutanen da aka damfara ta intanet suka biyo sawu a fusace. Ba su san dalili ba sai a 2016, da 'yar jarida Kashmir Hill ta bi diddigin lamarin ta wallafa. Kamfanin ya ce bai taɓa nufin a yi amfani da lambobinsa a nemo gidan wani ba, kuma na yarda da shi. Gyaran da ya yi shi ne ya mayar da irin wannan ɗigo tsakiyar tafki, inda babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Amma a lura, ko a gyaran ba a daina ba da ɗigo ba, wuri kawai aka sauya masa. Abin da kamfanin ya sani shi ne "wani wuri a cikin ƙasa mai faɗin dubban kilomita". Abin da ya faɗa shi ne "nan". Duk wanda ya ga allura a tsaye a kan taswira kuwa zai ɗauka an je an auna ne.

Ƙanwar wannan matsala tana nan maƙwabtanmu. Idan aka bar gurbin wuri babu komai, wasu tsare-tsaren sukan cike shi da sifili da sifili. Inda sifili ya haɗu da sifili yana cikin Tekun Gini, kusan kilomita 600 kudu da gaɓar Ghana, kuma masu sana'ar taswira sun daɗe suna yi masa ba'a da sunan tsibirin da babu shi, saboda tarin bayanan da kwamfuta ke jibgewa a can. Sannan ko kan wace lamba ce ke zuwa farko ba a daidaita ba. Mutane sun saba faɗin latitud kafin longitud, amma ƙa'idar GeoJSON, wadda manhajojin taswira da yawa ke musayar bayani da ita, longitud take sawa a gaba. Idan aka juya lambobin Landan, birnin a Tekun Indiya zai faɗa, kowa ya gane an yi kuskure. Idan aka juya na Kano suka zama 8.5 arewa da 12.0 gabas, kusa da Ganye a jihar Adamawa za ta sauka: cikin Nijeriya, a kan tudu, ba abin da zai sa wani ya yi zargi.

Yanzu mu zo kan uzurin na'ura. An yi zamanin da yake da ƙamshin gaskiya. Akwatunan bincike da yawa da ke cikin shafuka da manhajoji a kan Lucene suke zaune, wata manhaja ta kyauta da Doug Cutting ya rubuta a 1999, wadda daga baya aka gina Solr da Elasticsearch a kanta. Tsohon gurbin wuri na Solr ɗigo ɗaya yake karɓa ga kowace takarda, mai son fiye da haka sai ya yi dabara. Amma tun fitowar Solr 4 a 2012 aka sami gurbin da ke karɓar wurare da yawa. A 2016 kuma Lucene 6 ya zo da sabon tsarin fihirisa da ke yanka taswira gida-gida, kowane gida a sake yanka shi, ta yadda injin zai tsallake duk yankin da bai taɓa da'irarka ba, ba sai ya auna nisan kowane wuri ɗaya bayan ɗaya ba. A irin wannan tsari ɗigo ɗigo ne, injin bai damu ba ko guda goma na takarda ɗaya ne ko na takardu goma. Jagorar Elasticsearch ta faɗa ƙarara cewa takarda na iya ɗaukar wurare da yawa, kuma da zarar ɗaya daga ciki ya faɗa cikin da'ira, takardar ta tsallake. PostGIS, wanda ake ɗora wa rumbun bayanai na PostgreSQL don aikin taswira, yana adana tarin ɗige-ɗige da layi da fili. Kogin Binuwai layi ne, jihar Taraba fili ce, kuma ana iya adana kowane yadda Allah ya yi shi ko yadda gwamnati ta shata shi. Ɗan kwangilar da ya ce maka ba ya yiwuwa, ko dai bai karanta ba, ko yana fatan kai ba ka karanta ba.

Sai dai ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Wanda ya ji wannan ya ce to, a zuba duk lambobin da aka samu a buhu ɗaya a huta, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Kuskure mafi sauƙi shi ne a adana latitud a jeri guda, longitud a wani jerin daban. Koma ga ɗan kasuwarmu. Jerinsa na farko 12.0 da 6.5, na biyu 8.5 da 3.4. Injin da aka tambaya ko akwai latitud da ta dace, aka kuma tambaye shi daban ko akwai longitud da ta dace, yana iya ɗaukar latitud ɗin Kano ya aura mata longitud ɗin Legas. Abin da za su haifa shi ne 12.0 arewa da 3.4 gabas, wato kusa da Gaya, ta Jamhuriyar Nijar a bakin iyakar Benin, ba Gayar jihar Kano ba. An buɗe wa bawan Allah reshe a ƙasar da ƙila bai taɓa takawa ba.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne kuskuren da ba ya nuna kansa a taswira ko kaɗan. A ɗauki asibiti mai rassa uku, a Kano da Kaduna da Abuja, amma na'urar wankin ƙoda a reshen Abuja kaɗai take. An shigar da shi a takarda ɗaya, kowane reshe da wurinsa da ayyukansa. Elasticsearch, in ba an umarce shi da wani abu daban ba, yakan baje irin wannan bayani ne: wurare uku su koma gefe guda, ayyuka su koma gefe guda, ya manta wane aiki ke tare da wane reshe. Mai jinya a Kano ya nemi wankin ƙoda cikin kilomita 20. Akwai wankin ƙoda a takardar? Akwai. Akwai ɗigo cikin da'irar? Akwai. Sai asibitin ya fito a sahun gaba. A ɗauko mara lafiya a galabaice, a biya kuɗin mota, a isa, a ce musu ai sai Abuja. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin bayanan da aka shigar, wajen haɗa su ne ƙaryar ta samu. Maganin kuwa sananne ne. A yi wa takardar tsarin uwa da 'ya'ya, kowane reshe ya zama 'yar ƙaramar takarda mai riƙe da wurinsa da ayyukansa da lokutan buɗewarsa, a kuma jefa tambayar gaba ɗayanta ga kowane ɗa shi kaɗai: kai ɗin nan, kana kusa, kuma kai ne mai na'urar? Ko kuma a adana kowane reshe daban, sai wajen nunawa a dunƙule 'yan gida ɗaya, don kada banki guda ya cika shafi da rassansa arba'in. Ta kowace hanya aka bi, wajibi ne a nuna wa mai nema reshen da ya sa sakamakon ya fito. Sakamakon da ya fito saboda reshen Kano amma yake ɗauke da adireshin Abuja da lambar wayarta, an yi ba a yi ba ke nan.

Jerawa ma da nata tarkon. Takarda mai wurare uku, wanne ne nisanta daga gare ka? Elasticsearch yana ba da zaɓi huɗu: mafi kusa, mafi nisa, matsakaici, ko na tsakiyar jeri. Ga mai neman inda zai je, mafi kusa ne kaɗai ke da ma'ana, domin matsakaicin nisa hukunta kamfani yake yi saboda ya buɗe reshe a wani gari mai nisa. Haka kalmar "ban da". Mai neman aikin da ya ce a cire masa Legas yana nufin ayyukan da sai a Legas ake yinsu, injin kuwa zai cire duk tallar da Legas ta fito a cikinta, har da wadda ke da gurbi a Gusau. Waɗannan tambayoyi ne na ma'ana, kuma mai shago ko shugaban asibiti ko edita ne ya kamata ya amsa su, ba yaron da aka bari da kwamfuta da tsakar dare ana jiran ya miƙa aiki da safe ba.

Tushen abin shi ne wurare ba matsayinsu ɗaya ba a cikin takarda. A sanarwar ambaliyar nan, Abuja wurin rubutu ce, Lagdo mafarin ruwa ce, jihohi 11 su ne inda haɗarin yake. Mai neman gargaɗi na ukun yake so, mai nazarin ayyukan hukuma na farkon, injiniyan madatsu na biyun. Kuma ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Ƙamus ɗin schema.org, wanda Google da Microsoft da Yahoo suka kafa a 2011 don shafuka su riƙa bayyana wa injunan bincike abin da ke cikinsu, ya ware kalma daban ga inda aka samar da rubutu, da inda rubutun yake magana a kai, da yankin da ya game. Ga kasuwanci ma ya bambanta inda ofis yake da yankin da ake kai wa hidima: mai haɗa sola da ke zaune a Zariya yana aiki har Funtuwa da Kaduna, ba tare da ya ce yana da shago a can ba. Wannan bambancewa ta fi zama dole idan na'ura ce ke tsinto sunayen garuruwa daga cikin rubutu, domin a ƙasar da kusan kowane babban gari ke da Sabon Gari da Tudun Wada, Nasarawa kuma jiha ce, ƙaramar hukuma ce a cikin jihar, sannan wata ƙaramar hukumar ce a Kano, suna kaɗai ba ya isa.

Akwai kuma abin da masu zana waɗannan fama-famai ba su cika tunawa da shi ba, wato lokaci. Tunanin cewa kowace sana'a tana da ƙofa ɗaya mai lamba ya fi dacewa da garuruwan da ɗan aike ke jefa wasiƙa ta ƙofar gida. Kasuwancinmu tafiya yake yi. Dillalin dabbobi yana Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, kuma duka adireshin ukun gaskiya ne, kowane a ranarsa. Manhajar da ta nemi ya ba ta adireshi ɗaya, gidansa zai rubuta mata, inda ba ya sayar da ko akuya. Wadda ta karɓi duka ukun ba tare da rana ba kuma za ta tura mai saye Maigatari ranar Lahadi, ya tarar dillalin yana Dambatta. Haka abin yake ga ma'aikatan rigakafi masu zagaya ƙauyuka, da alƙalin da ke zama a kotuna biyu, da makiyayin da mazauninsa na damina daban yake da na rani. Fom ɗin da ba shi da gurbin irin waɗannan mutane, a hankali zai mayar da su kamar ba sa cikin tattalin arzikin ƙasa, alhali su ne ƙashin bayan kasuwannin da ke ciyar da birane.

Masu kare gurbi ɗaya suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Sukan ce tsada. Gaskiya ne a tsarin uwa da 'ya'ya kowane ɗa ɓoyayyiyar takarda ce a cikin fihirisa, gyaran ɗaya yakan sa a sake rubuta gidan gaba ɗaya, shi ya sa ma Elasticsearch ya sa iyaka ta 'ya'ya 10,000 ga uwa ɗaya sai in an ɗaga. Amma wa ke da rassa dubu goma a cikinmu? Ƙananan hukumomin Nijeriya duka 774 ne. Ko an haɗa kowane asibiti da ɗakin shan magani a ƙasar, dubun-dubata ne, nauyin da kwamfutar tafi-da-gidanka za ta ɗauka ba tare da ta yi zafi ba. Sukan kuma ce lissafi zai rikice, domin idan aka ƙirga takardu jiha-jiha, sanarwa ɗaya za ta fito sau 11, jimilla ta zarce adadin gaskiya. Wannan layi ɗaya na bayani a ƙasan jadawali ya ishe shi. Ba a ɓoye wa mutanen jihohi goma gargaɗi don alƙaluman rahoton shekara su tashi daidai.

Hujjarsu mai ƙarfi ita ce ta maguɗi. Idan ɗigo ɗaya ya isa a tsallake, me zai hana ɗan damfara ya liƙa wa tallarsa duka ƙananan hukumomi 774, ya riƙa fitowa a gaban kowa? Babu abin da zai hana shi in ba a hana shi ba, kuma wannan aiki ne da ba za a guje masa ba. A tantance kowane reshe da aka ce akwai shi a ƙasa. A fifita mai shago na zahiri a cikin da'ira a kan wanda ya ce hidima kawai yake kaiwa. A sa iyaka, kamar yadda Google ya taƙaita yankunan hidimar da kasuwanci zai iya lissafawa zuwa 20. Sannan a tuna gurbi ɗaya ma bai taɓa hana maƙaryaci ƙarya ba, talla ɗari yake bugawa, kowace da garinta. Wanda dokar ke ɗaurewa shi ne mai gaskiyar da ya cika fom sau ɗaya ya tafi harkarsa.

Da yawa daga masu karanta wannan wasiƙa su ne masu sa hannu a karɓi aiki: daraktoci a ma'aikatu, shugabannin asibitoci, editoci, masu kamfanoni. Ba sai kun iya rubuta manhaja ba kafin ku kama wannan, minti goma ya isa. Ranar da ɗan kwangila ya zo nuna aikinsa, ku ce ya shigar da shago ɗaya mai reshe a Kano da Legas, da wata haja da sai a reshen Legas ake samunta. Ku sa a yi nema daga Kano: shagon ya fito, da adireshin Kano. A yi daga Legas: ya fito, da adireshin Legas. A yi daga Bida, daga Gaya ta Nijar, daga Ganye: kada ya fito ko sau ɗaya. Sannan daga Kano a nemi hajar nan ta Legas cikin kilomita 20, a ga ko zai yi ƙarya. Daga ƙarshe ku ce a shigar da wani shagon a bar gurbin wurinsa babu komai, a buɗe taswira a ja ta kudu har a wuce gaɓar Ghana. In kun tarar da shi yana iyo a cikin teku, ku mayar da takardar biyan kuɗin cikin aljihun tebur tukuna.